IN ƘOFAR SABA TA ƘI BUƊUWA

Darasi domin Hakimai da malaman ofisoshinsu

An shirya wannan darasi ne domin Hakimai da malamansu na ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, musamman waɗanda aka ba su izinin shiga saba daga nesa don su zuba rahoto ko su ɗauko rajista. Nufinsa shi ne malami ya iya gane inda matsala ta ke in shiga ta gagara, ya gyara abin da ya ke nasa ne gyarawa, sa'an nan ya kai rahoton saura ga mai shi, ba tare da ya ɓata tsaron ofis ba.

1. SABA DA HANYAR ZUWA GARE TA

A zamanin da, in Hakimi zai aika da lissafin haraji ko na jangali, sai malaminsa ya rubuta, a buga hatimi, a danƙa wa manzo. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, takardu suka riƙa bin jirgi. Yanzu kuwa rajistoci da yawa sun bar akwati, sun koma cikin wata babbar kwamfuta da a ke bari a kunne dare da rana a wani gari mai nisa. Ita ce ma'aikata su ke kira saba. Akwai wani ma'aikaci da aka ɗora wa kiwonta, shi ne za a riƙa kira mai kula da saba a cikin wannan darasi.

Hanyar da aka fi amincewa da ita wajen shiga saba ta intanet sunanta SSH. Wani masani mutumin ƙasar Finland, mai suna Tatu Ylönen, ya ƙago ta a 1995 a Jami'ar Fasaha ta Helsinki, bayan da aka gano waɗansu suna laɓe a kan wayoyin jami'ar suna kwashe kalmomin sirri na mutane. Kafin nan tsohuwar hanya, mai suna telnet, ta kan aika da kalmar sirri a fili, kamar wasiƙar da ba a liƙe ba. SSH kuwa ta kan cuɗe dukan abin da ke wucewa, yadda mai laɓe ba zai fahimci kome ba. A 1999 aka fito da OpenSSH, shi ne kuwa yawancin sabobi su ke aiki da shi. Masu kwamfuta mai Windows da yawa su kan shiga da wata manhaja mai suna PuTTY.

Malamin da ke son shiga saba misalinsa kamar baƙo ne da ya nufi wani gida a cikin birni mai ganuwa. Zango biyar zai bi:

Na ɗaya, ya sami abin hawa, watau sabis na intanet.
Na biyu, ya san sunan garin da hanyarsa, watau adireshin saba.
Na uku, ya tarar da ƙofar ganuwa a buɗe.
Na huɗu, ya tabbata gidan da ya zo shi ne wanda ya nufa.
Na biyar, mai tsaron zaure ya shaida shi.

Duk lokacin da shiga ta gagara, a ɗaya daga zangon nan biyar aka tsaya, kwamfuta kuwa ta kan faɗi wanda ne. Da Turanci ta ke faɗi, saboda haka aka kawo amsoshin a nan yadda su ke bayyana a allo, tare da ma'anarsu. Dokar farko ita ce malami ya karanta amsar har ƙarshe, ya kwafe ta a littafi baƙi-baƙi, kafin ya taɓa kome. Wanda ya ce kawai "ta ƙi", daidai ya ke da wanda ya je wurin likita ya ce ba shi da lafiya, ya ƙi nuna inda ke ciwo.

2. ZANGO NA ƊAYA: SABIS

A wannan yanki a nan ne aka fi tsayawa. Malami ya fara gwada buɗe wani shafi da ya saba buɗewa. In shi ma ya ƙi, to saba ba ta da laifi. Sai ya duba ko data ta ƙare, ko modem a kunne ya ke, ko kwamfuta tana haɗe da wayar da ke ba ta intanet. Amsar da ta kan fito a nan ita ce Network is unreachable, watau babu hanyar fita daga ofis.

Ƙarfunan sabis da yawa da man dizal su ke aiki. In mai ya yanke, ko hanya ba ta biyuwa, sabis ya kan ɗauke a gari guda alhali yana nan a na gaba. Don haka yana da kyau ofis ya ajiye layukan kamfani biyu, misali MTN da Airtel, in ɗaya ya ƙi a gwada ɗayan.

Wani lokaci kuma ɗaukewar ta fi ƙarfin kowa a ofis. Ran 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a Jihar Zamfara baki ɗaya, bisa roƙon Gwamnatin Jiha, saboda yaƙi da 'yan bindiga. An mayar wa Gusau a farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin buɗewa. A irin wannan hali babu wata dabara da malami zai yi wa kwamfuta. Abin da ke ceton ofis shi ne kwafin rajista da aka riga aka ajiye, a takarda da kuma cikin kwamfutar ofis. Ba a fafe gora ranar tafiya.

3. ZANGO NA BIYU: SUNA DA ADIRESHI

Kowace saba tana da adireshi na lambobi, yawanci kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Tana kuma iya samun suna na haruffa don sauƙin tunawa. Akwai wani kundi a intanet, mai suna DNS, wanda ke mayar da suna zuwa lamba.

In aka ga Could not resolve hostname, ma'ana an tambayi kundin nan bai gane sunan ba, ko kuwa ba a kai gare shi ba. Malami ya gwama sunan da ya buga da wanda aka ba shi a rubuce, harafi da harafi. Sau da yawa sifiri ne aka buga a madadin harafin o, ko waƙafi a madadin ɗigo. In sunan daidai ne, ya gwada shiga da adireshin lambobi. In ya shiga da lamba, to laifin na kundin ne, sai ya sanar da mai kula da saba.

4. ZANGO NA UKU: GANUWA DA ƘOFA

Saba tana da ƙofofi masu lamba har 65,535, kowane aiki da tasa. Ƙofar SSH ta asali ita ce ta 22. Amma masu kula da saba da yawa su kan mayar da ita wata lamba don rage masu ƙwanƙwasawa. A gaban ƙofofin kuma akwai ganuwar tsaro, wadda ke zaɓen wanda zai wuce.

Amsa biyu ne a wannan zango, lalle ne malami ya bambanta su.

Connection timed out: an yi sallama, an jira, ba wanda ya amsa. Kwamfuta ta kan daɗe shiru kafin ta faɗi haka. Mai yiwuwa ne saba a kashe ta ke, ko adireshin ba daidai ba ne, ko sabis ya yi rauni ƙwarai, ko kuwa ganuwa tana watsar da saƙon ba ta ce kome ba.

Connection refused: an yi sallama, an amsa nan take cewa babu kowa a wannan ƙofa. Wannan alama ce hanya tana da kyau. Ko dai lambar ƙofa aka kuskure, ko kuwa aikin SSH ya tsaya a cikin saba. Malami ya duba lambar da aka ba shi. In ba 22 ba ce, tilas ya faɗa wa kwamfuta, da alamar -p sa'an nan lambar, ko ya rubuta ta a gurbinta cikin PuTTY. In lambar daidai ce, gyaran na mai kula da saba ne.

Akwai abu guda da ya shafi ofisoshin da ke aiki da layin waya. Adireshin da kamfanin waya ke ba mutum ya kan sāke, kuma mutane da yawa su kan yi tarayya a kan adireshi ɗaya. In an shirya ganuwa ta karɓi adireshi takamaimai kaɗai, malami zai shiga yau, gobe ya kasa. Haka nan malamin da ke garin bakin iyaka, in ya sa layin ƙasar Nijar don ya fi ƙarfi a wurin, ganuwar da aka ce ta karɓi adireshin Nijeriya kaɗai za ta ƙi shi. Saboda haka a cikin rahoto a riƙa faɗin layin da aka yi aiki da shi.

5. ZANGO NA HUƊU: HATIMIN SABA

Wannan shi ne zangon da ya fi kowane hatsari, ko da ya ke ba a cika tsayawa a kansa ba.

Kowace saba tana da hatimi nata. Ranar da malami ya fara shiga, kwamfuta ta kan nuna masa hatimin, jerin haruffa ne da lambobi, ta tambaye shi ko ya amince. Kada ya amsa sai ya gwama shi da wanda mai kula da saba ya ba shi. Da ya amince, kwamfuta za ta ajiye hatimin a wani fayil mai suna known_hosts, ta riƙa gwamawa kullum.

In wata rana aka ga gargaɗi da manyan baƙaƙe, REMOTE HOST IDENTIFICATION HAS CHANGED, ma'ana gidan da aka iso yau hatiminsa dabam ya ke da na jiya. Dalili biyu ne ke kawo wannan. Ko an sāke saba, ko an sabunta ginin cikinta, wannan ba laifi. Ko kuwa wani ya tsaya a tsakiyar hanya yana amsa sunan saba, don malami ya miƙa masa kalmar sirri da hannunsa. Daga allo ba a iya bambanta su.

Abin yi shi ne a dakata. Malami ya gaya wa Hakimi, a buga wa mai kula da saba waya ta lambar da aka riga aka sani, ya karanto sabon hatimi, malami yana bi da ido. In sun yi daidai, sa'an nan a share tsohon da umarnin ssh-keygen -R tare da sunan saba. Wanda ya share ba tare da tambaya ba ya yi kamar malamin da ya ga baƙon hatimi a takardar Sarki, ya zartar da ita don gaggawa.

A zangon nan kuma a kan ga no matching host key type found, ko no matching key exchange method found. Ma'ana ɗaya daga cikin na'urorin biyu ta tsufa, sun rasa irin kullen da za su yi tarayya a kai. A Satumba 2021 OpenSSH na 8.8 ya daina karɓar tsohon sa hannu na RSA mai SHA-1 sai an tilasta shi, a 2025 kuma OpenSSH na 10.0 ya fid da mabuɗan DSA gaba ɗaya, domin sun yi rauni. Maganin ƙwarai shi ne a sabunta wadda ta tsufa. Tilasta wa kwamfuta ta koma tsohon kulle ba aikin malami ba ne.

6. ZANGO NA BIYAR: MABUƊIN MALAMI

Saba ta kan shaida mutum da kalmar sirri ko da mabuɗi. Mabuɗin tagwaye ne. Ɗaya kamar kwaɗo ya ke, a kan ba mai kula da saba ya maƙala shi a fayil mai suna authorized_keys. Ɗayan kuwa shi ne ɗan mabuɗi, yana zaune a kwamfutar malami, ba ya barinta har abada.

Permission denied ma'anarta an iso zaure, mai tsaro bai shaida baƙo ba. Malami ya bi waɗannan bi da bi. Ya duba sunan shiga, gama saba tana bambanta babban baƙi da ƙarami. Ya duba ko maɓallin manyan baƙaƙe a kunne ya ke. Ya sani kuma ba a ganin kome a allo sa'ad da a ke buga kalmar sirri, da gangan aka yi haka. In da mabuɗi ya ke shiga, ya tabbata ya nuna wa kwamfuta wanda ya dace, da alamar -i. In duk wannan daidai ne, mai yiwuwa ba a maƙala kwaɗonsa a saba ba tukuna, ko an cire shi.

In aka ga UNPROTECTED PRIVATE KEY FILE, kwamfuta ce ta ƙi aiki da ɗan mabuɗin da aka bari kowa yana iya karantawa. A kwamfuta mai Linux a kan gyara da umarnin chmod 600 tare da sunan fayil, watau mai shi kaɗai ke iya buɗe shi.

In an haɗa shiga da lambar nan ta waya mai sākewa bayan daƙiƙa 30, agogo ya shigo cikin magana. Wayar da agogonta ya kauce za ta ba da lambar da saba ba za ta karɓa ba. Sai a saita ta ta riƙa ɗaukar lokaci daga sabis.

Babban kuskure a wannan zango shi ne nacin gwaji. OpenSSH ya kan yanke haɗi bayan kuskure 6, ya ce Too many authentication failures. Sabobi da yawa kuma suna da wani ɗan tsaro mai suna Fail2ban, wanda bisa saitinsa na asali ya kan toshe adireshin da ya yi kuskure 5 cikin minti 10, har na tsawon minti 10, mai kula da saba kuwa yana iya tsawaitawa. In kalmar sirri ta ƙi sau biyu, a tsaya a tambaya.

7. IN AN SHIGA KUMA YA YANKE

Broken pipe da Connection reset ma'anarsu an shiga, igiya ta tsinke a tsakiyar aiki. Raunin sabis ne ya kan kawo haka, ko daɗewa ba a buga kome ba. A kan rage wannan da saitin ServerAliveInterval, a sa masa 30, don kwamfuta ta riƙa taɓa saba bayan kowace daƙiƙa 30 ta shiru. In fayil babba za a aika, manhajar rsync ta fi dacewa, domin a kan iya umartarta ta ci gaba daga inda aka tsaya. Bayan kowace yankewa malami ya duba ko abin da ya aika ya isa cikakke.

8. MISALI

A ɗauka wani malami a Dauran yana son aika rahoton wata. Ya buga kalmar sirri, maɓallin manyan baƙaƙe kuwa a kunne bai lura ba. Aka ce Permission denied. Ya sāke, ya sāke, har sau biyar. A na shida sai amsa ta zama Connection refused. Ya buga waya ya ce saba ta mutu. Mai kula da saba ya duba ya ga lafiyarta lau, sauran ofisoshi suna ta shiga.

Matsala ɗaya ce da fari, ta zango na biyar, gyaranta taɓa maɓalli guda. Naci ya jawo ta biyu, ta zango na uku, gama ɗan tsaro ya toshe adireshinsa. Da ya rubuta amsar farko ya karanta wa mai kula da saba, da an gama cikin minti ɗaya.

Akwai hanyar da ke nuna zangon a fili. In aka ƙara alamar -v bayan kalmar ssh, kwamfuta za ta lissafa kowane taki da ta yi. Malami ya nemi layin da ya ce Connection established. In ya gan shi, zango uku na farko lafiya su ke, sai a nemi matsala a hatimi ko mabuɗi. In bai gan shi ba, babu amfanin taɓa kalmar sirri.

9. RAHOTO

Rahoton da za a kai wa mai kula da saba ya ƙunshi rana da sa'a, da garin da malami ya ke, da layin da ya yi aiki da shi, da amsar allo baƙi-baƙi, da ranar da ya shiga ta ƙarshe lafiya, da abin da ya sāke tun daga ranar, da abin da ya gwada. Kada a sa kalmar sirri ko ɗan mabuɗi a ciki. Mai kula da saba na gaskiya ba ya bukatarsu, duk wanda ya nema ta waya kuwa a kai maganarsa ga Hakimi.

10. ABIN DA KE KAN HAKIMI

Rajistar ofis tana ɗauke da sunayen talakawa da garuruwansu da gonakinsu da dabbobinsu. A ƙasar da ke fama da masu satar mutane, irin wannan rajista in ta faɗa hannun mugu ba ƙaramar ɓarna za ta yi ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar da ke kula da wannan cikin sa'a 72 in aka keta su ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Don haka ya kamata kowane Hakimi ya lura da waɗannan:

Kowane malami ya kasance da sunan shiga da mabuɗi nasa shi kaɗai, kada a yi aro.
A ajiye littafi mai sunayen waɗanda ke da izini, da hatimin saba, da lambar wayar mai kula da ita.
A kulle ɗan mabuɗi da tasa kalmar sirri, kada a rubuta ta a jikin kwamfuta.
In an yi wa malami canjin wurin aiki, ko ya bar aiki, a sa a cire kwaɗonsa a wannan rana.
In kwamfuta ko waya ta ɓace, ko an ƙwace ta a hanya, a sanar kafin rana ta faɗi.
Kada Hakimi ya matsa wa malami ya tsallake gargaɗin hatimi don rahoto ya makara. Makara tana da gyara.

TAMBAYOYI

1. Lissafa zango biyar na shiga saba bi da bi.
2. Mene ne bambancin Connection timed out da Connection refused?
3. Malami a Shinkafi ya ga gargaɗin sākewar hatimi ran da za a rufe karɓar rahoto. Me zai yi da fari?
4. Don me ba a son a wuce gwaji biyu in kalmar sirri ta ƙi?
5. Waɗanne abubuwa biyu ne ba a sa su cikin rahoto?

Ya kamata malami ya rubuta amsoshin a littafin ofis, ya karanta su a gaban Hakimi.